Tibi yana bango: sandar sauti a kafa ta a bango ko a jikin tibin?

Baban_Tagwaye: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin. Talabijin ɗina mai inci 55 yana rataye a bango a kan maratayi mai hannu, irin wanda ake jawowa a karkata shi hagu ko dama. Yanzu na samu sandar sauti, doguwar lasifikar nan da ke zuwa da wufa daban, wato akwatin da ke fitar da sauti mai kauri. Babu teburi a ƙarƙashin tibin, kuma ba na son in sa, don yara matakala za su mayar da shi. Hanya biyu nake gani: ko in huda bango in kafa ta da 'yan ƙarafan da suka zo a kwalinta, ko in nemi ƙarfen nan da ake ɗaurawa a bayan tibi ta rataya a jikinsa. Wanne ya fi? Kuma tazara nawa ake bari tsakaninsu? Bangon bulo ne da filasta.

Ɗan_Waya: Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya ce komai, kana juya tibin da gaske, ko dai hannun yana nan ne kawai? Da yawa sun sa mai hannu, amma tun ranar da aka kafa ba wanda ya sake taɓa shi. In ba ka juyawa, huda bango ka huta. In kana juyawa, ɗaura ta a jikin tibi. Maganar ke nan a taƙaice.

Baban_Tagwaye: Ana juyawa kam. Kujerun falon ba su fuskanci bangon sosai ba. Ni ina karkato shi wajen doguwar kujera, uwargida kuma ta mayar da shi ɗaya ɓangaren.

Injiniya_B: To, Malam, amsarka tana cikin abin da ka faɗa. Sandar sauti an yi ta ne ta fuskanci mai sauraro. Muryar mutane da ƙananan sautuka masu kaifi miƙe suke tafiya, in ka kauce daga gabanta sai su dushe. Idan ka kafa ta a bango ka karkata tibin, hoto yana kallonka, sauti yana kallon wani wuri. Na biyu, duk lokacin da ka jawo tibin gaba, ita tana can baya manne da bango, gindin tibin ya yi mata rumfa.

Ƙarfen da ka ambata ba wani sabon huji yake buƙata ba. Duba bayan tibinka za ka ga ramuka huɗu inda maratayin ya kama. Ma'auninsu ɗaya ne a duniya, ƙa'idar VESA ake ce mata, kuma da milimita ake ƙirga tazarar: 200 da 200, 300 da 300, 400 da 400, da sauransu. Ƙarafan sandar dogaye ne guda biyu, ana cusa su tsakanin bayan tibi da maratayi, noti ɗaya ya ratsa duka, sai ƙafafunsu su sauko ƙasa su riƙe sandar. Duk inda tibi ya juya, tana biye.

Mai_Kunne: Injiniya, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Lasifika abu ne mai girgiza. Ka ɗaure ta a jikin tibin da bayansa roba ce siririya, ka ƙure sauti, me kake tsammani? Na zauna a falon da aka yi haka, duk lokacin da aka buga ganga a fim sai ka ji wani zzzz daga bayan tibin. Bango ba ya rawa. Ni dai bango.

Injiniya_B: @Mai_Kunne, wannan ƙarar da ka ji yawanci noti ne bai ɗauru ba, ko waya ce ke taɓa jikin roba. Kuma tasa tana da wufa daban, can ne girgizar mai ƙarfi take, ba a sandar ba. Wosha ta roba tsakanin ƙarfe da ƙarfe tana kashe sauran. Amma na ba ka gaskiya a wuri ɗaya: sandar da wufarta ke cikinta, wannan ta fi son bango.

Kafinta77: Ku dakata da maganar sauti tukuna, ku duba nauyi. Baban Tagwaye, nemo takardar maratayinka ko ka duba jikin farantin da ke manne da bango, akwai iyakar kilo da aka rubuta. Ka haɗa nauyin tibi, da na sandar, da na ƙarafan. In ya kusa iyakar, kada ka fara.

Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne hannun. Tibi a manne da bango ƙasa kawai yake jan noti. Da ka miƙa hannun, sai ya koma fizgo notocin sama waje. Misali: kaya kilo 20, hannu ya miƙe santimita 50, tsakanin notin sama da na ƙasa santimita 20. Ka ninka 20 da 50 ka raba da 20, za ka ga notocin sama suna jin fizgar kusan kilo 50. Sanda mai kilo 3 kacal ta ƙara musu kilo 7 da rabi. Ba abin tsoro ba ne in an kafa da kyau, amma in da ma fisha ɗin, wato robar da ake cusawa a rami noti ya kama, tana lilo a ciki, wannan ƙarin ne zai ƙarasa ta.

Gwaji mai sauƙi: miƙa hannun har ƙarshe, ka tsaya a gefe, ka ɗan danna tibin ƙasa da tafin hannu kana kallon bakin farantin na sama. In ka ga ya buɗe ko da kaurin takarda ne, ko garin filasta ya zubo, gyara wannan tukuna.

Tsohon_Makaniki: Mu da muka tashi da akwatin talabijin mai ƙaton baya ba mu san wannan wahalar ba. Lasifikarsa a gaba take, ka kunna maƙwabta su ji. Yanzu an sirance tibi har ba wurin sa lasifika, an mayar da ita tana kallon ƙasa, sannan a ce ka nemo wata daban ka rataya. Allah ya kyauta.

Ummu_Tsaf: Baba Makaniki ka faɗi gaskiya, amma fa ba mai iya rataya wancan akwatin a bango. Ni tambayata wayoyi ne. Duk hoton da ake nunawa a talla ba ka ganin waya ko ɗaya, amma a gida sai ka ga baƙaƙen igiyoyi na reto tsakanin tibi da lasifika. Wace hanya ce ta fi ɓoye su?

Ɗan_Waya: Hajiya, a nan ɗaurawa a jikin tibi ta yi nasara ƙwarai. Wayar sauti da ta wuta duk suna hawa ta bayan tibin, a ɗaure su a jikin ƙarfen, su bi hannun maratayi zuwa bango. Daga gaba ba a ganin komai. Sai dai a bar musu rara a gaɓoɓin hannun. A miƙa shi har ƙarshe, a juya hagu, a juya dama, a tabbata ba wayar da ta miƙe tsaf, sannan a ɗaure. Na sha ganin bakin HDMI, wato wayar hoto da sauti, da ya karye a cikin tibi saboda an ɗaure waya tamau an jawo hannu.

In a bango aka kafa, tazarar da ke tsakani ce matsalar. Ko a sa bututun roba mai murfi a shafa masa fenti kalar bangon, ko a fasa filasta a binne bututu a zura wayar sauti a ciki. Amma igiyar wutar da ta zo da na'urar ba a binne ta a bango, ba don haka aka yi ta ba, a ƙasashe irin su Amurka ma dokar aikin lantarki ta hana. In ana son wuta a wurin, mai aikin lantarki ya ja soket sabo a bayan tibin.

Sabon_Shiga: Ni fa Bluetooth nake haɗa tawa, ba waya ba komai. Me zai sa ku wahalar da kanku?

Mai_Kunne: Ɗan'uwa, kalli bakin mai karanta labarai da kyau. Bluetooth yana da jinkiri, sau da yawa ya haura kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, baki ya motsa sannan magana ta biyo. Wasu tibi suna jinkirta hoton don su daidaita, wasu ba sa yi. Ga shi yana matse sautin. Kuma wayar wuta tana nan dai, ba ka tsere wa waya ba.

Injiniya_B: Tunda an shigo maganar haɗi, bari in faɗa tun kafin a rataya, don bayan an rataya hannu ba ya shiga. A cikin ramukan HDMI na tibi, guda ɗaya ne aka rubuta wa ARC ko eARC. Shi kaɗai ke mayar da sauti daga tibi zuwa sandar. ARC ya zo ne da HDMI 1.4 a 2009, eARC kuma da HDMI 2.1 a 2017, shi ne mai faɗin hanyar da ke ɗaukar sauti wanda ba a rage masa inganci ba, irin Dolby TrueHD. Wayar haske, wadda bakinta ke fitar da jan haske, tana aiki lafiya har zuwa Dolby Digital 5.1, amma ba ta ɗaukar Atmos, tsarin sautin da ake ji har daga sama, kuma ba ta isar da umarnin rimot.

Da HDMI rimot ɗin tibi ne zai riƙa ƙara sautin sandar da rage shi, in an kunna CEC a saiti, wato tsarin da ke isar da umarnin rimot ta wayar HDMI. Kowane kamfani da sunan da ya ba shi: Samsung Anynet+, LG Simplink, Sony Bravia Sync. Wanda ya haɗa bai ji sauti ba, ya fara duba nan kafin ya zargi waya.

Shawarata: haɗa komai a ƙasa, a kan kujera ma, ka ji yana aiki, sannan ka ɗauko injin huji ko sukundireba.

Baban_Tagwaye: Na gode ƙwarai. Na duba, akwai eARC a rami na biyu. Maratayin an rubuta kilo 35, tibin kuma bai kai 20 ba, sandar ba ta da wani nauyi. Na yi gwajin Malam Kafinta, farantin bai motsa ba. Amma har yanzu ba wanda ya ba ni amsar tazara.

Ɗan_Waya: Ya danganta da samanta. Akwai lasifika masu kallon sama a kanta? Za ka ga raga a saman, ta gefe biyu. Kuma maɓallanta a sama suke?

Baban_Tagwaye: Maɓallai a sama suke. Raga kuma akwai, a kwalin an rubuta 3.1.2.

Injiniya_B: Yauwa. Wannan 2 na ƙarshe su ne masu kallon sama. 3 na gaba hagu, dama da tsakiya, 1 kuma wufa. Masu kallon saman suna harba sauti silin ne ya dawo maka ta ka, dabarar Dolby Atmos ke nan a gida, tsarin da ya fara a gidajen sinima a 2012. In gindin tibi ya rufe su, a bayan tibin sautin zai ƙare. Littattafan sandunan Samsung suna cewa a bar aƙalla santimita 5 ƙasa da tibi. Ga mai lasifikar sama ni na fi son wajen santimita 10, ko kuma fuskar sandar ta ɗan fito gaba da fuskar tibin yadda ragar za ta ga silin ba shamaki. Akwai ƙarafan da ke ba da damar turo ta gaba, irinsu za ka nema. Ka kuma gwada da yatsa: in ba ya shiga ya danna maɓalli cikin sauƙi, ta matsu.

Mai_Kunne: Kun gani? A jikin tibi kullum tana ƙarƙashin gindinsa. Shi ya sa na ce bango.

Ɗan_Waya: Haba Mai Kunne, a bangon ne ma abin ya fi muni ga mai hannu. Ko a naɗe yake, maratayi mai hannu yana ture tibi gaba da 'yan santimita, ga kaurin tibin kansa. Sandar da ke manne da bango a bayan layin take tun kafin a jawo. A jikin tibi kuwa, duk yadda ka saita su haka za su zauna har abada.

Mai_Kunne: Wannan kam haka ne. Amma ga wanda maratayinsa shafaffe ne, ba na janye magana.

Gwaggon_Yara: Ku gafarce ni, ni ba gwana ba ce. Me zai hana a sa ta a saman tibin? Yara ba za su kai ba, lasifikar saman ma ba abin da zai tare ta. Nawa jikokin duk abin da hannu ya kai sai sun ja.

Injiniya_B: Gwaggo, tambayarki ta fi ta masu ganin sun iya. Ana yi, kuma ƙarafan nan yawanci ana iya juya su sama. Abin dubawa shi ne wanne ya fi kusa da tsayin kunnen mai zaune, saman tibin ko ƙasansa. In tibin yana ƙasa-ƙasa, sama ba laifi. In da ma an ɗaga shi, to sa ta a sama zai mayar da murya can kusa da silin.

Abin da ke taimakonmu shi ne kunne ya fi gane hagu da dama a kan sama da ƙasa, kuma ido yana jan murya zuwa bakin da yake gani yana motsi. Shi ya sa ko tana ƙasa da tibi ba ka jin kamar daga ƙasa ake magana. Amma abin yana da iyaka. Sai kuma zafi: iskar tibi mai ɗumi ta ramukan sama take fita, kada a zaunar da sandar ta toshe su. Kuma kada a kifa ta don maɓallai su kallo ƙasa, hagu zai koma dama, masu harba sama su koma harba ƙasa.

Kafinta77: Tunda an taɓo tsayi, yawancin tibin da nake tararwa a gidaje an ɗaga su da yawa, saboda a tsaye ake aunawa. Zauna a kujerar da kake kallo, wani ya auna daga ƙasa zuwa idonka. Ga yawancin mutane wajen santimita 100 zuwa 110 ne. Nan ya kamata tsakiyar allon ta kasance. Allon inci 55 tsayinsa kusan santimita 68, rabi 34. In tsakiya tana 105, gindin yana wajen 70, ka cire tazarar 10, saman sandar yana 60. Mai inci 65 tsayinsa kusan 81, nasa gindin zai ƙara sauka. Wanda bai kafa komai ba tukuna, ya zana su biyun a bango da fensir a matsayin abu ɗaya kafin ya huda rami ko guda.

Gwaggon_Yara: Santimita 60? Ai daidai ƙirjin ɗan shekara biyu ke nan. Ni dai sama zan sa.

Ummu_Tsaf: Gwaggo ta kawo magana. Baban Tagwaye da ya ce yara na hawa teburi, yanzu zai ba su abin lilo a jikin tibi mai hannu. In yaro ya kama sandar ya rataya, ba ita kaɗai zai ja ba, har tibin.

Baban_Tagwaye: Innalillahi, wallahi ban kawo wannan a raina ba. Nawa tibin an ɗan ɗaga shi, gindinsa ya kai wajen santimita 95, amma tagwayen nan ba a raina su.

Ɗan_Waya: To ka ga naka sandar za ta zauna wajen 80 zuwa 85, kusa da kunnen mai zaune ma, ya yi kyau ga sauti. Batun yara kuma, a ƙara ɗaure notocin gaɓoɓin hannun yadda ba zai motsa da ɗan ja ba. Kuma a zaɓi ƙarfen da ake ɗaure sandar da noti, ba mai kanta da ake ɗora ta kawai ba, ba kuma ramin nan mai siffar bakin makulli da ake saƙalawa ba. Wannan da an tura ta sama ta fita.

Ɗan_Haya: Ni matsalata daban. Gidan haya nake, da ƙyar mai gida ya yarda da ramuka huɗu na tibi. Bangon kuma ba bulo ba ne, allon jifsam ne, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji fanko. Akwai wani salatif mai manne gefe biyu da aka ce yana ɗaukar nauyi. Zai riƙe?

Kafinta77: Kada ka soma. Salatif fenti yake riƙewa, fenti kuma takardar allon yake riƙewa. Ga girgiza, ga zafi. Wata rana za ka tarar da ita a ƙasa da ɓawon bango a bayanta. Kai ne ma ka fi kowa dacewa da ƙarfen bayan tibi, ba sabon rami ko ɗaya. Sharaɗin dai maratayin tibin ya kasance a cikin ginshiƙan da ke bayan allon yake, ba a allon kawai ba. Ginshiƙan nan a Amurka yawanci inci 16 ne tsakaninsu, a Turai santimita 40 ko 60. Maganaɗisu mai ƙarfi zai nuna maka su, yana kama kan notocin da aka ɗaure allon da su. In dole sai an kafa sandar a allon, akwai noti mai fukafukai da ke buɗewa a bayan allo, yana riƙe 'yan kilo lafiya. Fisha ta roba ta bulo ba ta aiki a nan.

Tsohon_Makaniki: Wanda zai kwance bayan tibi ya ji wannan daga bakin tsoho. Da ka cusa ƙarfe a tsakani, notin da ke wurin ya gajarce. Mutum sai ya ɗauko dogo ya murɗa har ya ji ya tsaya, alhali abin da ya tsayar da shi kayan cikin tibin ne. Na ga allon da aka yi wa haka, wani tabo ya fito a gaba daidai wurin notin, bai sake gogewa ba. Zura tsinken ashana a ramin ka ga zurfinsa, ka sa alama da farce, ka ƙara kaurin ƙarafan, notinka ya gaza wannan kaɗan. Yawanci notin M6 ne ko M8 a manyan tibi, M4 a ƙanana, lambar kaurinsa ce a milimita. M6 duk zagaye ɗaya milimita ɗaya yake shiga, M8 ɗaya da kwata, don haka kana iya ƙirga yadda ya kama. Da hannu ake ɗaurewa, ba da inji ba. Kuma mutum biyu ke sauke tibi, a kifa shi a kan bargo a shimfiɗaɗɗen wuri.

Injiniya_B: Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya: in ƙarfen sandar notocin ƙasa biyu kawai ya kama, a sa wosha mai kauri ɗaya a na sama, in ba haka ba tibin zai zauna a karkace, ana matsa wa bayansa.

Mai_Kunne: Bari in yi wa masu bango bayani, tunda ƙungiyar jikin tibi ta cika zauren. Yawancin sanduna suna zuwa da takarda mai alamar ramuka da layin tsakiya. Nemo tsakiyar tibin, ba tsakiyar bango ba, ka manna takardar. Kada ka huda daidai sama ko ƙasan soket, ko a layi ɗaya da shi ta gefe, nan wayoyin wuta ke bi. Bakin injin huji ya zama daidai da fisha, milimita 8 da 8, 6 da 6. Naɗa salatif a bakin daidai tsawon fisha don ka san inda za ka tsaya. Fara ba tare da kunna dukan injin ba har ka wuce filasta, in ba haka ba bakin zai zame ramin ya kauce. Manna ambulan a buɗe ƙarƙashin wurin ta tare ƙura. Ka fitar da garin da ke ramin kafin ka sa fisha. In bakin ya faɗa fanko, bulo mai rami ne, nemi fisha mai dunƙulewa a bayan rami.

Sannan a sa ma'aunin nan mai kumfar ruwa a tabbata ta miƙe.

Ummu_Tsaf: A nan zan ɗan saɓa maka, Malam. Wanda ya kafa mana tamu da ma'aunin ya yi aiki, ta miƙe sarai, amma tibin da ma ya ɗan sunkuya ta dama. Tazarar hagu ta fi ta dama, kuma duk wanda ya zauna sai idonsa ya je wurin. Ido layin tibi da layin sanda yake gwadawa, bai san ruwan ma'auni ba. Ko a gyara tibin tukuna, ko a auna daga gindinsa ta gefe biyu a bi shi.

Kafinta77: Hajiya ta fi mu ido. Masu hannu da yawa suna da notin da ake sassautawa a murɗa tibin kaɗan ya daidaita. A fara da wannan.

Sabon_Shiga: To wufa fa? Ita ma a rataya?

Injiniya_B: A'a, ƙasa take so. Sauti mai kauri sosai, wanda ya yi ƙasa da wajen 80 Hz (girgiza 80 a daƙiƙa), kunne ba ya gane daga ina yake, shi ya sa ake cewa a ajiye wufa ko'ina. Amma sandar siririya ce, ba ta iya sauka can, don haka wufarta tana ɗaukar har da wani ɓangare na kaurin muryar maza. In ka kai ta bayan kujera za ka ji murya ta rabu biyu. Ajiye ta gaba, ɓangaren tibin. Kusurwa tana ƙara mata ƙugi, wani lokaci har ya yi yawa. Kuma ko an ce marar waya ce, tana son soket.

Ita ma sandar, kusancin bango yana ƙara mata kauri. Wasu suna da saitin bango a cikin manhajarsu. Wasu suna auna ɗakin da kansu, kamar Trueplay na Sonos ko SpaceFit na Samsung. Duk wanda ya sauya mata wuri ya sake wannan awon.

Baban_Tagwaye: Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Zuciyata ta karkata ga ƙarfen bayan tibi saboda juyawar, amma maganar Hajiya ta lilon yara ta tsaya mini. Uwargida kuma ta ce a bar tibin a miƙe, a juya kujerun, a kafa sandar a bango kowa ya huta.

Mai_Kunne: Uwargida ta fi ku duka fahimta. A gaishe ta.

Ɗan_Waya: In za a daina juyawa, ba ni da ja. Amma ka tuna hannun ko a naɗe ya turo tibin gaba. Auna daga bango zuwa fuskar tibin, ka auna zurfin sandar. In tibin ya fi fitowa, ragar saman tana ƙarƙashinsa, sai ka nemi ƙarfen bango mai turo ta gaba ko ka ƙara tazarar. Ka kuma duba inda ramukan wayarta suke. In a baya suke ba cikin loko ba, kan HDMI miƙaƙƙe zai tokare bango, sai mai lanƙwasa.

Ɗan_Haya: Malam Kafinta, na gwada maganaɗisun. Ya kama a layi biyu, amma notocin maratayin gefe ɗaya ne kawai suka faɗa kan layin, ɗaya gefen a allo yake. Tibin inci 43 ne, maratayin shafaffe. In ƙara masa sandar ko in bari?

Kafinta77: Kwance noti ɗaya na gefen allon ka ga me ke bayansa. In mai fukafukai ne na ƙarfe, kuma sandar ba ta wuce kilo biyu zuwa uku ba, shafaffen maratayi zai ɗauka. In fisha ta roba ka gani, sauke tibin yau, kada ka jira sandar. Turo hoton abin da ka ciro mu gani.